Gyaran Maɓallan Sitiyari a Gida: Daga Gano Cuta Zuwa Canza Kulok Sifirin

Maɓallan jikin sitiyari ba sa mutuwa haka siddan, kuma yanayin mutuwarsu ne ke nuna inda cutar take. Mutane da yawa da zarar maɓallin ƙara murya ya ƙi aiki sai su ɗauko sukudireba su auka wa sitiyari, alhali minti 10 na danne-danne a zaune kan kujerar direba zai iya gaya musu ko akwai ma buƙatar kwance wani abu. Don haka rabin wannan jagora a kan bincike yake, ragowar kuma a kan aikin hannu, wanda ba shi da wuya amma yana da wuri biyu da ba a wasa da su: jakar iska, da saita kulok sifirin, wato faifan waya da ke bayan sitiyari, a tsakiya.

Yadda abin yake a ciki

Sitiyari yana juyawa, jikin mota kuwa yana tsaye. Duk da haka dole wuta ta ƙetara daga ɓangaren da ke tsaye zuwa mai juyawa, domin hon, da jakar iska, da maɓallan rediyo da na waya da na kuruz, wato na'urar da ke riƙe gudun mota ba sai ka taka totur ba. Abin da ke wannan aiki shi ne wani faifan roba da ke bayan sitiyari, wanda makanikai ke kira kulok sifirin. A cikinsa akwai wata siririyar waya mai faɗi, naɗe kamar tef ɗin awon tela. Ka karya kan mota dama ta ƙara naɗewa, ka karya hagu ta warware. A yawancin motoci iyakarta zagaye 5 ne ko ɗan sama da haka daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Shekaru suna tafiya, siraran layukan tagulla da ke cikinta suna lanƙwasa sau dubbai, wata rana ɗaya daga ciki ya tsinke. Ba ƙaramar matsala ba ce a masana'antar: a watan Afrilun 2014 kamfanin Toyota ya kira motoci kusan miliyan 3.5 a faɗin duniya domin gyara wannan waya.

Su kuwa maɓallan, a motoci masu ɗan shekaru ba kowanne ne ke da wayarsa ba. Maɓalli huɗu ko biyar na iya haɗuwa a kan waya ɗaya, kowanne da rizistarsa, wato ɗan abin da ke rage yawan wutar da ke wucewa, mai nauyi daban. Rediyo yana gane wanda ka danna ne daga yawan wutar da ta iso masa. Wannan ne ya sa idan datti ko tsatsa ya shiga, sai ka danna ƙarin murya rediyo ya canza tasha: dattin ya ƙara nauyi a kan layin, rediyo ya ɗauka wani maɓalli ne. A sababbin motoci akwai ƙaramar kwamfuta a cikin sitiyarin, wadda ke aika saƙo ta layin LIN ko CAN, wato layukan da kwamfutocin mota ke magana da juna ta cikinsu. A irin waɗannan, mitar auna wuta ba za ta gaya maka abu mai yawa ba, na'urar sikanin mai karanta kwamfutar mota ce ke magana.

Zauna ka danna kafin ka kwance

Kunna mota a tsaye, ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, har da hon, sannan ka dubi fitilun dashbod.

Idan maɓalli ɗaya tak ne ya mutu, maƙwabtansa na aiki lafiya, to cutar tana cikin maɓallin kansa. Datti ne, ko wani abin sha mai danƙo ya zube ya bushe a ciki, ko ɗan makunnin da ke ƙarƙashinsa ya gaji. Kulok sifirin bai da laifi, kada ka saye shi.

Idan gefe guda ne gaba ɗaya ya yi shiru, misali duk na rediyo sun mutu amma na kuruz na aiki, to layin wannan rukunin ne ya yanke. Ko soket ɗinsa ya saki a bayan jakar iska, ko layi ɗaya ya tsinke a cikin kulok sifirin, ko kuma matsalar tana bayan rediyo.

Idan maɓallai sun mutu, hon ya mutu, fitilar jakar iska ta kama ta ƙi mutuwa, kusan ba sai an yi dogon bincike ba. Abu ɗaya ne ya haɗa waɗannan ukun: kulok sifirin.

Akwai gwaji guda da na fi yarda da shi fiye da kowanne. Riƙe maɓallin ƙara murya ko hon a danne, ka riƙa juya sitiyari a hankali daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama. In ya kama a wani wuri ya saki a wani, wayar cikin faifan ce ta tsage, bakunan tsagar suna haɗuwa suna rabuwa. Kashe rediyo ka sake juyawa kana saurare. Ƙarar ƙas-ƙas ko ta goguwar roba daga bayan sitiyari ita ma shaida ce.

Hon yana da nasa gwajin. Idan motarka tana yin hon lokacin da ka kulle ta da rimot, ko rimot ɗin yana da jan maɓallin ƙararrawa, danna shi. In hon ya yi ƙara ta nan amma ya ƙi yi daga sitiyari, to hon ɗin da fiyus ɗinsa lafiyarsu ƙalau, laifin yana sama. In bai yi ba ta ko'ina, buɗe akwatin fiyus, nemi na hon a zanen da ke jikin murfin, ka ɗaga shi a haske ka ga ko zaren cikinsa ya ƙone. Sa wani ya danna hon kana taɓe da rilensa, wato ɗan akwatin da ke jona wa hon wuta. In ka ji ya yi ƙat, saƙo yana isowa daga sitiyari, sai ka koma kan hon ɗin da wayarsa a gaban mota. Fiyus ɗin da ya ƙone a musanya shi da mai lamba iri ɗaya. Mai 10 ya koma mai 10. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ke taɓa jikin ƙarfe, kuma ƙara girman fiyus ba ya maganin wannan, sai dai ya narkar da waya.

Idan an taɓa canza rediyo

Wannan wuri ne da ake yawan ɓata kuɗi a banza. Motar da aka cire mata rediyon kamfani aka sa mai babban allo na Android, maɓallanta kan mutu ba don sun lalace ba, sai don sabon rediyon bai san yarensu ba. Jawo rediyon ka dubi bayansa. Yawancinsu suna da wayoyi biyu masu rubutun KEY1 da KEY2, waɗanda ya kamata a haɗa da layukan maɓallan motar, tare da wayar ƙasa. Sau da yawa za ka tarar da su a reto, an naɗe bakinsu da salatef. Bayan an haɗa, akwai wuri a cikin saitin rediyon da ake koya masa maɓallai: ka zaɓi aiki a allo, ka danna maɓallin da kake so a sitiyari har ya karɓa. Cire batir ma kan sa wasu rediyoyin su manta wannan karatu, sai an maimaita. Motocin da ke aika saƙo ta CAN kuwa suna buƙatar ɗan akwatin fassara tsakanin mota da rediyo, kuma dole a zaɓi samfurin motar daidai a cikin saitin, in ba haka ba ko an jona shi ba zai yi komai ba.

Kayan aiki

Sifana lamba 10 don kan batir, sukudireba mai faɗi da mai gicciye, mai kan tauraro lamba T30, bokis sifana na notin tsakiya (lamba 19 a Toyota da yawa, amma ka auna naka), sifana mai awon ƙarfin ɗauri, mita, maka, salatef, auduga mai tsinke, da sifirit mai ƙarfi, kashi 90 cikin 100 ko sama, ko feshin wanke kayan lantarki. Man feshi na kwance tsatsa ba na nan ba ne. Yana barin maiƙo, maiƙo kuma yana tara ƙura. Wayarka ma kayan aiki ce: ɗauki hoto kafin ka cire kowane soket.

Jakar iska

A tsakiyar sitiyari akwai abin fashewa. Yana buɗe jakar cikin ƙasa da ƙiftawar ido, da gudun da zai kai kilomita 300 a awa, kuma ƙaramar wuta ce ke tayar da shi. Masu gyara suna cire shi kullum ba abin da ke faruwa, domin suna bin ƙa'ida ne ba tsallake.

Ajiye mota a wuri mai shimfiɗa, ƙafafun gaba a miƙe sak, sitiyari a tsakiya. Wannan miƙewar za ta yi maka rana a gaba, kada ka raina ta. Kashe mota, zare makulli, in mai danna maɓalli ce ka kai rimot ɗin nesa. Sauke gilashin direba tun kafin ka cire wuta. Kwance kan batir mai alamar ragi, ka ture shi gefe, ka naɗe shi da tsumma don kada ya dawo ya taɓa. Sannan ka jira. Kwamfutar jakar iska tana da kafasita mai riƙe wuta bayan an cire batir, domin jakar ta iya buɗewa ko da batir ya fashe a hatsari. Littattafan Toyota sukan ce daƙiƙa 90, na Honda minti 3, wasu kamfanonin fiye da haka. Ni dai shawarata minti 15. Jiran bai rage ka da komai ba. Wasu tsofaffin rediyoyin kamfani suna neman lambar sirri bayan an cire batir, don haka ka tabbata tana hannunka.

Soket da wayoyin jakar iska galibi masu launin rawaya ne. Kada ka taɓa ɗora mita a kan soket ɗin jakar kanta, domin mita tana auna nauyin layi ne ta hanyar tura wuta a cikinsa. Kada kuma ka kunna makulli alhali jakar tana cire, kwamfuta za ta rubuta laifi ta kunna fitila.

Hanyar cire jakar iri biyu ce. A wasu motocin akwai sukuru biyu masu kan tauraro a gefen sitiyari ko bayansa, wani lokaci a ƙarƙashin ɗan murfin roba. Ba sa fitowa gaba ɗaya, suna sakin jakar ne su maƙale a mazauninsu. A wasu kuma ƙananan ramuka ne biyu ko uku, inda za ka zura sukudireba mai faɗi ka tura wata wayar ƙarfe mai tsalle har gefen jakar ya ɓallo. Wannan na biyun yana cin rai a karon farko, don ba ka ganin abin da kake turawa. Haska tocila a ramin, ka lallaba har ka ji abu mai dawowa idan ka sake shi. Ƙarfi ba ya aiki a nan.

Da ta saki, jawo ta kaɗan, kana zaune a gefe ba fuskarka a kanta ba. Wayoyin bayanta gajeru ne. Soket ɗin yana da ɗan makulli a samansa, sai ka ɗaga shi da bakin ƙaramin sukudireba kafin ya fito. Motocin da ke da soket biyu, launinsu daban-daban ne, kowanne da gurbinsa. Ɗauki jakar bayanta na kallon jikinka, fuskarta na kallon waje, ka ajiye ta nesa a ƙasa mai tsabta, tambarin kamfani yana kallon sama. In aka kifa ta kuma ta tashi, ƙarfen bayanta ne zai yi sama.

Wanke maɓallai da auna su

Yanzu cikin sitiyari a buɗe yake. Fara da danna kowane soket da yatsa. Wani lokaci aikin ya ƙare a nan: ka ji ɗaya ya yi ƙat ya koma mazauninsa. Dubi wayar ƙasa da ke ɗaure a ƙarfen sitiyari, da ko murfi ya danne wata waya har ya ci fatarta.

Rukunin maɓallan yana ɗaure da sukuru biyu ko uku, ko haƙoran roba. Cire shi ka kai kan tebur mai haske. Buɗe bayansa a hankali, kana kife da shi, don kada ƙananan robobin su watse. Abu biyu za ka iya tararwa. Ko shimfiɗar roba mai ɗigon baƙin gawayi a ƙarƙashin kowane maɓalli, wanda ke taɓa zanen tagulla a kan allo, ko ƙananan makunnai masu ƙas-ƙas da aka liƙa da dalma. In na farko ne, jiƙa auduga da sifirit ka goge zanen allon har audugar ta daina baƙi, sannan ka shafi ɗigon gawayin sau ɗaya ko biyu kawai. Kada ka kankare shi, wannan baƙin shi ne ke ɗaukar wuta. Robobin waje da abin sha ya manne, a wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, a bari su bushe sarai. In makunnai ne, ɗiga sifirit a bakin wanda ya mutu, ka danna shi sau 30 ko 40, ka bari ya bushe. Wanda bai farfaɗo ba sai canji, kuma duk mai gyaran rediyo zai iya cire shi ya liƙa sabo, tunda ƙafa huɗu ce ko biyu.

Kafin ka mayar, sa mita a kan awon om, wato awon nauyin layi, ka ɗora a bakin soket ɗin rukunin, wanda yanzu ba ya haɗe da komai. Kowane maɓalli ya ba da lambarsa daban, kuma lambar ta tsaya cak muddin kana danne. Wadda ke rawa tana hawa tana sauka, datti bai gama fita ba. In duk sun ba da lamba mai kyau amma a mota ba sa aiki, ka wanke maɓallai daga zargi, saura faifan.

Canza kulok sifirin

Ba a gyara shi. Na san akwai masu buɗe shi su yanke inda ya tsage su liƙa da dalma, kuma hon yakan dawo. Amma layin jakar iska yana cikin wannan wayar, kuma ranar da za a buƙace shi ba ranar gwaji ba ce. Sayi sabo da lambar da ke jikin tsohon, ko da lambar shasin motar. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, na iya zuwa da faifai daban-daban gwargwadon ko tana da kuruz ko sitiyari mai ɗumi, kuma a ido duk kamarsu ɗaya, sai ka ƙirga ƙafafun soket. Na hannu kuwa ba ka san sau nawa aka juya shi a kan teburin shago ba.

Cire sokets ɗin da suka rage a cikin sitiyari. Kwance notin tsakiya, amma kada ka fitar da shi, bar shi a kan zare biyu ko uku. Da maka, ja layi ɗaya daga kan sandar sitiyari zuwa jikin sitiyarin, domin haƙoran sandar ƙanana ne, kuskuren haƙori ɗaya zai sa sitiyari ya karkace a kan miƙaƙƙiyar hanya. Kama shi hannu biyu, ka girgiza hagu da dama kana jawowa. Zai saki ne farat ɗaya, kuma notin da ka bari shi zai hana shi dukan haƙoranka. In ya ƙi, akwai abin jawo sitiyari da ake ɗaurawa a ramuka biyu na gefen noti. Kada ka doki sandar da guduma. An yi ta ne ta yadda za ta nitse a hatsari, duka na iya lalata ta.

Zare sitiyari kana bi da wayoyi ta ramin da suka fito. Kwance murfin wuyan sitiyari na sama da na ƙasa, cire sokets ɗin bayan faifan, sannan sukurori ko haƙoran da suka riƙe shi. A motoci da yawa sensar da ke auna juyawar sitiyari tana manne a bayansa. In sabon bai zo da ita ba, ɓalle ta a hankali ka mayar kan sabon yadda take, ba tare da ka juya zoben cikinta ba.

Ga wurin da aikin ke lalacewa. Sabon faifai yana zuwa a saite a tsakiya, da wata 'yar roba da ta kulle shi. Kada ka cire ta sai ya zauna a mazauninsa, kuma ka sake leƙawa ka tabbata ƙafafun mota na miƙe. In an riga an cire makullin, ko tsohon kake mayarwa, saita shi da hannu: juya shi da yatsa a hankali zuwa gefe ɗaya har ka ji ya fara tauri, ka tsaya nan, kada ka matsa. Sannan ka dawo da shi baya kana ƙirgawa har ɗaya ƙarshen. Raba adadin biyu, ka koma tsakiya, wanda a yawancinsu zagaye biyu da rabi ne, har alamun kibiya biyu na jikinsa su fuskanci juna. Yawanci an rubuta adadin a takardar da ke manne a jikinsa, bi wannan. Kama shi da salatef har sitiyari ya hau. In ka ɗora shi ya kauce da zagaye ɗaya, komai zai yi aiki a tsaye, sai ranar da ka karya kan mota har ƙarshe wayar ta tsinke. Irin haka ne ke faruwa idan an yi aikin rak ɗin sitiyari, wato ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba, aka bar sitiyarin yana wulwulawa ba a ɗaure shi ba, shi ya sa hon kan mutu kwana kaɗan bayan gyaran da ba shi da alaƙa da lantarki.

Mayarwa da gwaji

Mayar da murfin wuya, zura wayoyi, ɗora sitiyari a kan layin makarka, ka tabbata 'yan ƙahonin faifan sun shiga ramukansu a bayan sitiyari. Ɗaure noti da sifana mai awo. A ƙananan motoci da yawa ƙarfin yana wajen 40 zuwa 50 Nm a awon sifanar, amma lambar littafin motarka ce abin bi, kuma wasu kamfanonin sun ce a sa sabon noti ko ƙusa duk lokacin da aka kwance. Jona maɓallai da hon, kwantar da wayoyi a hanyoyinsu yadda hotonka ya nuna, jona jakar iska ka danna makullan soket har su kwanta, sannan ka tura ta ta kama ko ka ɗaure sukurorinta.

Mayar da kan batir ba kowa a cikin mota. Karon farko, miƙa hannu ta tagar da ka sauke ko daga kujerar gefe ka kunna makulli, jikinka ba ya gaban sitiyari. Fitilar jakar iska za ta kama na 'yan daƙiƙoƙi, wajen 6, ta mutu. Tayar da inji, juya sitiyari a hankali har ƙarshen hagu da na dama kana saurare, kana danna hon da maɓallai a kowane gefe. In ka ji tauri ko ƙara kafin ƙarshe, tsaya nan take ka sake duba saitin faifan.

Fitilar jakar iska da ta ƙi mutuwa bayan aiki mai kyau ba lallai sabon laifi ba ne. Wasu motocin suna riƙe tsohon laifin har sai an goge shi, kuma ƙananan na'urorin sikanin masu karanta inji kaɗai ba sa shiga kwamfutar jakar iska, sai wadda ke karanta SRS, wato tsarin jakar iska. Haka fitilar santsi, mai hoton mota da layuka biyu a bayanta: a wasu motocin tana mutuwa da kanta bayan ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ɗan yi tafiya a miƙe, a wasu sai an saita sensar da na'ura. In an goge laifin jakar iska ya dawo nan take, kada ka ci gaba da kwance-kwance, kai wa mai wayarin da ke da na'urar, ka gaya masa duk abin da ka taɓa da lambar faifan da ka sa. Muddin fitilar nan na kunne, ka ɗauka jakar ba za ta buɗe ba.